Jinginar Fam Uku

Ran da aka fito da kayan Kawu Iro
don rabon gado,
a bayan adaka, ƙarƙashin tsohon buzu,
sai ga wani akwati mai ƙugu irin na tulu.
Kwaɗon ya ci tsatsa. Da wuƙa muka ɓalle shi.

Kowa ya leƙa, kowa ya raɗa suna.
Gwaggo Dije ta ce garaya ce ta yi boko.
Yara suka ce jita ce ba ta gama girma ba.
Malam mai rabo ya ɗaga alƙalami, ya ajiye:
ba a raba abin da ba a san sunansa ba.

Na ƙirga tsirkiya, takwas, biyu-biyu,
ɗaya ta tsinke ta kanannaɗe.
Ba fata, ba ƙwarya. Katako ne,
ja a tsakiya, baƙi a gefe,
kamar wainar da aka manta a tanda.
A gindinsa ɗan ramin ƙarfe, daidai shigar waya.

Na kai wa Tukur mai gyaran rediyo a 'Yar Kutungu.
Ya kwance noti huɗu, ya hure ƙura.
"Ka ga wanga? Mayen ƙarfe ne,
an naɗe shi da zaren tagulla, gashi ma ya fi shi kauri.
Shi ke shan rawar tsirkiya ya miƙa wa lasifika.
Aikin nan ya girme ni. Ya girmi naira.
Suna kuwa, je ka Sabon Layi,
ka nemi Baba Rasaki tela."

Baba Rasaki ido ya tafi, saura hannu.
Ya bi wuyan da tafi, ya tsaya inda itacen ya lotsa,
wuri uku, sawun yatsu,
kamar bakin rijiyar da igiya ta ci.
Ya daɗe bai ce komai ba.

"Mandolin," ya ce. "Na Lasisi ne.
A Ikko ya saye shi, hannun wani matuƙin jirgin ruwa.
Duk Asabar da shi yake tashin kulob ɗin ma'aikata,
janareta na tari, akawu na taka rawa da takalmin ofis.
Sai aka aiko uwarsa na kwance a Ogbomosho,
aljihu ba ko sisi.
Wani direban motar gyaɗa ya ba shi fam uku,
ya ce, bar wannan, in ka dawo ka karɓa."

Wane direba?
"Wani dogo. Ba ya dariya."

Kawuna ke nan.
Mutumin da ke kashe rediyo in an sako kiɗa.

Na koma na ɗaga jan ƙyallen cikin akwatin.
Takarda, ninki huɗu, ajamin Kawu mai karkata:
Kayan Lasisi. Jingina. Fam uku. Ba nawa ba.
Can ƙasa, da biro, hannu ya fara rawa:
Na yafe kuɗin.

Sai Gwaggo ta tuna.
Duk goshin damina yakan kulle ɗaki,
ya aika a kawo man gyaɗa da tsumma.
Shekara hamsin tana zaton bindiga yake gogewa.

Malam ya ja layi a takardarsa:
amana ba ta shiga gado.
Aka raba gona, aka raba keke da buhunan gero,
ni aka bar wa abin da ba na kowa ba.

Jiya da aka kawo wuta
Tukur ya jona shi da lasifikar gwaji.
Da fari gunji, kamar zuma cikin amya.
Na ja tsirkiya biyu da farce.
Sauti ya fito siriri, yana karkarwa,
irin na mai sallama a ƙofar gidan da bai tabbata ba.
Mai tura ruwa ya tsaya da kurarsa.

Na rubuta wasiƙa: Iyalan Lasisi makaɗi, Ogbomosho.
Baba Rasaki ya ce garin da girma,
masu sunan kuma sun fi dubu.
Na dai aika.

Tsirkiyar da ta tsinke tana nan yadda take.
Tukur ya ce zai samo wata a Kano.
Na ce a'a.
Mai shi bai ce a canja ba.